Kiɗa na Bakwai Ba Shi da Murya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara? Ni dai ga ni nan, da sauƙi, sai gajiya.

Kundin waƙoƙin mawaƙiyar da nake kaɗa wa jita ya kusa fita. Kin tuna fiton da Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi a bakin keken ɗinki? Shi na mayar kiɗa, jita zalla, ba murya. Mawaƙiyar ta ji, ta ce a sa shi na bakwai. Furodusa kuwa ya kafe, wai mutane tsallake irin wannan suke yi, sai dai a ɗora masa baitukan soyayya. Fiton Baba fa, Yaya. Kullum a situdiyo, ɗakin nan da ba taga, maganar ke nan, har bakina ya gaji. Ni burina ɗaya ne, Inna ta sake jin sa ko sau ɗaya. Kada ki gaya mata komai, so nake ta gane da kanta.

Ki gaishe ta.
Ƙaninki, Auta.

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso.

Kundin ya fita, an bar kiɗan yadda yake, amma furodusa bai yafe mini ba. Ya ɗauko wani mai jita, da shi za su yi yawon wasanni. Tawa tana jingine a bayan ƙofa, ko ƙurarta ban kakkaɓe ba.

Kin ce Inna ta saurari na bakwai har ƙarshe tana jiran a fara waƙa, sannan ta ce faifan ya lalace, in yi maza in gaya musu su gyara kafin a ɗora mini laifi a kore ni. Na yi dariya, daga baya kuma na kasa cin abinci. Wallahi ya yi mini ciwo.

Kada ta ji zancen aikin. Ki dai sake kunna mata da hantsi, ki zaunar da ita kusa da keken, ki ce mata ba wanda zai yi waƙa, ta daina jira. In ta gane, ki rubuto mini. In ba ta gane ba, ki rubuto ki ce ta gane.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta.