Maigidana Ya Ɗora wa Kajina Kuɗin Rufin Ɗaki

Assalamu alaikum Anti Khairiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin damina ta same ni a kan katifa.

Maigidana malamin firamare ne a nan Ikara, bara ya yi ritaya. Tun da ya zauna gida ba shi da aiki sai rediyo. Wata rana ya ji ana muhawara kan bashin da gwamnati ke ci, wani yana cewa kada a fara kowane aiki sai an nuna takamaiman inda kuɗinsa zai fito. Anti, maganar nan ta shige shi. Ya kai ta majalisarsu ya yi ta musu har aka fara watsewa in an hango shi, shi ne ya dawo da dokar cikin gida.

Yanzu duk abin da na roƙa sai ya ce daga ina. Sabulu daga ƙwan kajina. Gishiri da daddawa daga dusar masara. Nama kuwa an jingina shi da haihuwar akuyarmu, ita kuma ko ciki ba ta da shi, muna kallonta tana kallonmu. Kwanaki kajin suka daina ƙwai har kwana tara, ba a yi wanki ba, ya tafi Juma'a da riga duk manja yana ta fara'a, wai wannan shi ne tattali.

Duk na haƙura, sai maganar rufin ɗakina. Tsatsa ta cinye kwanon, da rana haske ke sauka tsilli-tsilli a kan gado. Yayana Zulkifilu yana sayar da kwano a Maƙarfi, ya ce mu ɗauka, mu biya in an sare rakenmu. Maigida ya ce atafau, shi mai kushe bashin gwamnati ba zai ci bashi ba, kaji za su yi rufi. Kaji huɗu ne fa, ɗaya ma gurguwa. Kuma gaskiya na riga na ce wa Yaya ya ajiye mana bandir biyu, maigida bai sani ba. Na yi laifi?

Taki, Mai Kaji Huɗu.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi dariya, amma Malam yana da gaskiyarsa. Gwamnatin da ke ranto kuɗi ta yi bukukuwa da sayen motoci, ba tare da sanin inda za ta biya ba, jikokinmu take ɗora wa. Sai dai asibitin da rufinsa ya yaye ba ya jiran a tara haraji. Ana iya ranto masa, muddin an san da abin da za a biya.

Naku kuwa an san da abin da za a biya shi, rake ne. Ke nan tayin yayanki bai karya dokar Malam ba, cika ta ya yi. Ki gaya masa haka bayan ya ci ya ƙoshi, ki bar shi ya zaɓi kunyoyin raken da za a ware wa rufi da kansa. Mutumin da majalisa ta guje shi yana son a saurare shi ne. In raken ba zai kai bandir biyu ba, ku ɗauki ɗaya, a rufe saitin gado.

Maganar da kika yi da yayanki a ɓoye kuwa kuskure ce. Ki faɗa masa yau, ki ba shi haƙuri, kada ya ji a bakin surukinsa a kasuwa.

Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya bar ku tare cikin rufin asiri.

Anti Khairiyya