Tudun da Ya Riƙe Mana Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da kika aiko, ko da yake ba ta yarda man ne ya yi aiki ba, wai ita dama ta san za ta warke. Akuyar nan mai kunne ɗaya ta haifi biyu, kuma duka sun gaji uwarsu wajen cin shanyar mutane.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu. Kin tuna ya gyara ɗakuna ukun bayan gida don saukar baƙi masu yawon buɗe ido, ya ce in sanyin bana ya wuce abin bai kama ba, zai taho wurinki neman aiki. To, akwatinsa ma ya riga ya sauko da shi daga kan kabad ya ajiye a bakin ƙofa. Inna dai kullum in ta zo shara takan kewaye akwatin ba ta ko kallonsa. Ni kuwa, ba zan ɓoye miki ba, hankalina ya tashi. Kin yi nisa, ni ina gidan mijina sai leƙe, in Auta ya tafi Inna za ta rage ita da awaki.

Baƙin farko da suka sauka, Kawu Direba ne ya naɗa kansa ɗan jagora, tunda shi ke da tsohuwar jif. Ya sha babbar rigarsa, ya kwashe su ya nuna musu abubuwan da muke taƙama da su. Ya fara da sabuwar rijiyar burtsatse, ya murɗa famfo, ya ce kowa ya sa hannu ya ji sanyin ruwa. Daga nan sai lambun shugaban makaranta, inda ya tsayar da su rabin awa a kan latas. Ya zagaya da su shataletale har sau uku don su ga fenti, ya ƙarasa da sabon gidan mai. Baƙi suka yi ta murmushi suna godiya, gari na wayewa suka haɗa kayansu. Haka na biyu, haka na uku. Auta ya ɗora laifin a kan katifu, ni na ce shayinsa ne ba ya shayuwa. Babu wanda ya kawo tudun rairayin bayan gida a ransa. Ai kin san tagar da ke kallonsa tun zamanin Baba a kafe take da ƙusa, mu kuma muka ƙara da labule mai kauri, wai kada baƙi su ga abin kunya.

Wata dattijuwa ce ta fahimtar da mu, tsohuwar malamar asibiti da ta zo da 'yarta. Ta fito da sassafe ta tarar da Inna tana fama da tsintsiya, ta bi sawun rairayin har ƙofar baya, ta tura. Rana na fitowa ke nan, tudun ya yi jawur. Matar nan ta tsaya cak har muka zaci wani abu ya same ta. Da ta juyo, ta tambayi Auta me ya sa muka ɓoye mata wannan. Ta ce a garinsu kowane ɗaki da famfo, latas har ruɓewa yake a kasuwa, ita kwana biyu ta yi a hanya don ta ga rairayi. Inna ta ce a faɗa mata wannan da take yabo abokin gabarta ne na shekara arba'in, ya cinye mata katanga biyu, kuma bai taɓa barin ta ta ci abinci ba tare da ya sa mata baki ba. Kawu kuwa fushi ya yi, ya ce bai taɓa ganin mai hankalin da zai bar ruwa ya je kallon ƙasa ba.

Ran nan Auta ya zare ƙusoshin tagar. Shi da baƙin suka hau tudun ba takalmi, 'yar matar ta ce da ma da abin da za ta zauna a kai ta sulalo. Kafin in ankara Auta ya ɗauko babban farantin Inna na saukar baƙi. Yaya, da kin ga dattijuwar nan ta sulalo a kan faranti, hula a hannu, tana dariya kamar 'yar shekara bakwai, da sai cikinki ya ƙulle. Farantin dai ya lotse, Inna ta yi kwana biyu ba ta yi wa Auta magana ba. Yanzu kafinta ya yi wa Auta alluna shida masu santsi na sulalowa. Hotunan da matan suka yaɗa ne suka janyo mana wasu baƙin, har ɗakuna uku suna neman yi mana kaɗan. Wani mai raƙuma yana kai su busasshen kwarin nan mai duwatsun da iska ta sassaƙa, wurin da muke zuwa neman itace muna mita.

Kawu ma ya huce. Ashe shekarun da ya yi yana tuƙi a daji sun koya masa karatun sawu. Da sanyin safiya yakan yi gaba baƙi na biye, yana nuna musu inda yanyawa ta bi, da inda ƙadangare ya ja wutsiya, da inda buzuzu ya sha wahala da kayansa. Amma bai saki burtsatsensa ba, can yake ƙarasawa da su. Bayan awa uku a rairayi, da sun hango famfo sai su ruga su tara kai. Yanzu yana bin gari yana cewa shi dama bai yi kuskure ba, farkon ne kawai ya mayar ƙarshe.

Shekaranjiya da la'asar Inna ta ajiye tsintsiya ta ce a kai ta ta ga abin da ake gani. Ni a dama, Auta a hagu, muka huta sau huɗu kafin mu kai. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa hawa ba. Ta leƙa ƙasa, abin da ta fara faɗi shi ne rufin ɗakin girki yana son gyara. Sai ta daɗe tana wasa da rairayin a tafin hannu. Can ta ce ba wai ta yafe wa tudun ba ne, amma tunda ya riƙe mata ɗa, ya ci katangun, ta bar masa. Ni dai hawaye na yi, ban ma ɓoye ba.

Jiya da safe Auta da kansa ya mayar da akwatin kan kabad. Inna ta sa ya sake sauko da shi, ta cika shi da barguna, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Saboda haka, Yaya, ɗakin da kika share masa ki mayar da keken ɗinkinki, ba ya zuwa.

Inna tana gaishe ki, tana sa wa jikokinta albarka. Kawu Direba ya ce in kun zo hutu shi zai zagaya da ku, kuma ki shirya ganin latas. Ki gaida maigidanki, da babbar 'yarki takwarar Inna, da 'yan biyu. Auta ya ware musu allo ɗaya, ya hana kowa hawa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki mai tsiwa.