Ƙanin mijina ya cire layin da ke duba ko fayil fanko ne

Anti, ki taimaka min da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa a cikin gida.

Ni ce mai kula da kwamfutoci a wani gidan rediyo. Shirin safe ana naɗarsa tun ana gobe za a sa shi, kwamfuta ce ke ɗauko fayil ɗin ta sa a iska. Umarnin da take bi ni na rubuta su, a abin da muke kira sikirif na shell. A ciki akwai layi guda mai alamar -s, aikinsa ya duba ko akwai wani abu a cikin fayil ɗin. In fanko ne, sai ta sa wani tsohon shiri, ta turo min saƙo.

Da zan tafi hutun haihuwa, na roƙi manaja ya ɗauki ƙanin mijina ya riƙe min. Ya yi karatu, ya daɗe yana zaman gida, kuma abokin wasana ne, kullum yana tsokanata wai sikirif ɗina ya yi kama da ɗakin tarkace. Ashe bayan na tafi ya shiga gyara, ya mayar da -s ya koma -e, wanda iyakarsa ya duba ko fayil yana nan. Rannan na'urar naɗi ta tsaya, ta bar fayil da suna kawai, ba komai a ciki. Kwamfuta ta ga suna, ta sa. Tasha ta yi tsit, masu sauraro suka yi ta kira.

Manaja ya bugo ina wa jariri wanka, ya ce aikina ne ya gaza, kuma zai sake duba matsayina in na dawo. Na buɗe tarihin gyare-gyare, na ga hannun yaron nan ɓaro-ɓaro. Shi kuwa ya zo barka ya ci ya sha, bai ce uffan ba. Maigida bai sani ba. Surukata kullum sai ta sa min albarka don na sama wa autanta aiki. In na yi magana za a sallame shi, in na yi shiru sunana ne ya ɓaci. Ya zan yi?

Mai jego

Mai jego, barka da arziki, Allah ya raya.

Kada ki fara da manaja, kada kuma ki fara da maigida. Ki kira ƙanin mijin naki, ki buɗe masa tarihin ya gani da idonsa, ki ce masa shi zai je ya faɗa wa manaja kafin hutunki ya ƙare, in bai je ba ke za ki faɗa. Shirunsa bai kyauta ba, amma ya fi kama da tsoro, kuma mai yiwuwa har yanzu bai haɗa gyaransa da abin da ya faru ba. Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kai.

Ke ma da naki laifin. Kin bar layin da tasha ta dogara da shi ba tare da kin rubuta dalilinsa a gefe ba, sabon hannu kuwa duk abin da bai gane ba tarkace yake gani. Ki gaya wa manaja wannan, zai rage wa yaron nauyi ba tare da kin yi ƙarya ba. Na tambayi masana, sun ce -s girman fayil kawai yake dubawa, naɗin da ya ɗauki shiru zalla zai wuce shi. Ku ƙara gwajin da zai kama wannan, ku kai wa manaja tare.

Bayan kun gama magana, ki sanar da maigida da bakinki, kada ya tsinta a waje. Albarkar surukarki kuwa, ba sai kin saye ta da aikinki ba. Allah ya ba da lafiyar shayarwa, ya sa ki koma kujerarki cikin mutunci.