Dokin Ƙofar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, autarki, wadda kika ce bakinta ba ya hutawa. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma ke ya kamata ki fara jin labarin nan, domin ɗakinki muka taɓa.

Bayan rasuwarki Baba ya koma ɗakinki da kwana. Wai nasa ya yi masa girma. Mu dai muka bar shi a haka, amma duk garinmu Balan an san nasa bai kai rabin naki ba. Bara bayan girbi ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Muka yi jinya a asibiti a Gaya, muka dawo gida da shi a keken guragu.

To, kin tuna dokin ƙofarki? Wanda kika sa aka ɗaga har ya kusa rabin ƙwauri? Babu ɗanki da bai bar farce a jikinsa ba. Baƙo ma kafin ki amsa masa sallama sai kin fara cewa, "A ɗaga ƙafa!" Mun taso mun gan shi, mun ɗauka rigimarki ce kawai.

Shi ne ya tsare Baba. Keke ba ya hawa, sai an samu maza biyu sun ciccibe shi, kuma kin san mijinki, ya ƙi jinin a ɗauke shi kamar buhu. Da ya ga kullum sai an je an kira mutane, sai ya ce shi ya haƙura da fita. Mutumin da masallacin ƙofar gida bai taɓa rasa shi a sahun gaba ba, ya koma sallah a kan gado. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Inna, na ji tsoro ƙwarai.

Yaya Habu ya zo daga Kano ya gan shi, ya ce tafiya zai yi da shi, gidansa a shafe yake, kuma ga likitoci kusa. Ban ga laifinsa ba, tausayi ne. Baba bai yi musu ba. Magana ɗaya ya yi: "In za ku kai ni birni, ku haɗa da likkafanina." Na roƙi Yaya ya ba ni zuwa damina. Ya yarda, amma ya ce in bai ga sauyi ba, babu sauran roƙo.

Cikin zafin bazara na ɗauko magini daga Kademi. Aka faɗaɗa ƙofa. Aka gina wa Baba mazauni a banɗaki, aka kafa masa ƙarfe a bango da zai riƙa kamawa. Gadonki na ƙarfe mai tsayin nan aka rage masa ƙafafu, ki yi haƙuri. Sannan aka sa guduma a dokin ƙofarki, aka mayar da shi daidai da ƙasa. Ranar Baba ya fita masallaci, ni kuma ina ta hura hanci, na yi abin da ya gagari maza. Cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa kika ɗaga shi tun farko.

Ruwan shuka ne ya ba mu amsa. Ashe tsakar gidanmu gangare take, kuma ɗakinki ta nufa. Bayan azahar aka tsuge da ruwa, ina gidana. Kafin in ƙaraso da gudu, tabarmi na yawo a ɗaki, ruwa yana lasar katifa, Baba yana kan gadon da muka rage wa tsayi, ya kasa tashi. Na fashe da kuka. Shi kuwa cewa ya yi, "Shekarar da aka haifi Habu haka ya yi mana, shi ne uwarku ta yi rantsuwa ruwa ba zai sake shigar mata ɗaki ba." Wato ya sani. Yana kallo aka fasa, ya ja bakinsa ya yi shiru, saboda yana son fita.

Labari ya kai wa Yaya. Ya bugo waya ya ce in haɗa kayan Baba, yana nan tafe da mota. Na ce shi ke nan, da hannuna na kore shi daga gidansa.

Washegari Baba ya sa aka dawo da magini, shi kuma aka turo shi a kekensa tsakar gida, sandarsa a hannun dama. Rabon da in ji muryarsa haka tun yana tsaye a gona. Ya ce ruwa ba a faɗa da shi, hanya ake ba shi. Ya nuna da sanda inda za a haƙa magudana ta bi gindin katanga ta faɗa rariya. Dokin ƙofa kuma ya ce a mayar da shi, amma a yi shi kamar kunyar gona, tudu a tsakiya, gangare mai tsawo ciki da waje. Kafin siminti ya bushe ya sa aka bi shi da tsintsiya don kada ya yi santsi.

Ranar da Yaya ya iso, hadari na biye da shi. Ya tsaya a bakin zaure yana kallo, ruwa ya cika tsakar gida, ya zo gindin tudun nan, ya juya ya bi magudana. Ko ɗigo bai shiga ɗaki ba. Da aka ɗauke ruwan, ladan ya kira la'asar, sai ga Baba ya turo kansa da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, ya hau tudun a hankali, ya gangaro, ya wuce Yaya bai ko dube shi ba. Yaya ya share ido ya bi bayansa masallaci. Da zai koma Kano, kuka da daddawa kawai ya saka a mota.

Inna, hankalina ya kwanta. Baba yana gidansa, yana cin tuwonsa, har ya soma yi mana faɗa a kan noman gyaɗa. Ɗakinki kuma a bushe yake, kamar yadda kika so.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Yanzu babu abin tuntuɓe a ƙofar, amma duk wanda ya yi sallama, Baba kafin ya amsa sai ya ce, "A ɗaga ƙafa." Mu ma kuma sai mu ɗaga.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar mana shi a ɗakinki, ya haɗa ku a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Rabi