Ƙullin Kafur a Cikin Rediyon Surukina

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin duk wanda na kalla yanzu sai in ga kamar da hannunsa a ciki. Ki yi haƙuri in na yi ta zagaye-zagaye, ban saba rubuta irin wannan ba.

Ni mai ɗinkin labule da zanin gado ce. Ina da shago a bakin titi kusa da gida, kekuna biyu da teburin yanka. Ni da maigidana muka haɗa ƙarfi muka sayi shagon, sunanmu mu biyu ne a takarda. Da shagon nan ake cefane, da shi ake biyan makarantar 'yarmu ta ƙarshe, don fanshonsa ba ya kai mu tsakiyar wata. Shi aikin karanta mitar ruwa ya yi, gida-gida, har ya yi ritaya. Mutum ne da ya saba yini a ƙafa yana gaisawa da rabin gari, sai ga shi zaune a falo daga shi sai agogon bango. Ba ya caca, ba ya yawon banza, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na faɗi haka ne kar ki ɗauka ƙararsa na kawo.

Akwai wani tsohon rediyo da ya gada a wajen mahaifinsa, irin mai akwatin katakon nan da ƙyalle a gaban lasifika. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ya yi ko tari ba, amma ni ke goge shi. Bara sai autanmu, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda a hannunmu ya tashi bayan rasuwar iyayenmu, ya zo da wani mutum mai farin gilashi da jakar hannu, wai masanin kayan da ne. Mai gilashin nan ya zagaya rediyon, ya ƙwanƙwasa, ya haska shi da fitilar waya, sannan ya zauna ya dafe kai. Ya ce masu tara irinsa a ƙasashen waje nemansa suke ruwa a jallo. Nan take ya zube kuɗi tsaba a kan tebur, abin da ya fi fanshon maigidana na wata da watanni, muka sayar masa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma baki har kunne. Har girki na yi wa mutumin, wayyo ni.

Ba a jima ba sai ga wani dillali, gajere mai yawan dariya, wai ya ji labarin maigidana yana da ido a harkar. Ya kawo tsofaffin rediyo guda biyu. Maigida ya saya, ya kira mai gilashi, shi kuma ya zo ya ɗauki ɗaya da riba. To, shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Dillali ya kawo, maigida ya saya, mai gilashi ya zo ya dafe kai ya faɗi farashi. Sai dai tun daga wancan na biyun mai gilashi bai ƙara sayen ko ɗaya ba. Kullum maganarsa a riƙe, kar a yi gaggawa, akwai wani babban attajiri da zai zo daga waje ya kwashe su gaba ɗaya. Ya kuma kafa dokoki: kar a kwance bayansu, kar a jona su da wuta, kar a nuna wa masu gyara don za su sace kayan ciki, darajar ta zube.

Anti, zo ki ga gidana. Rediyo a falo, rediyo a kan kabad, rediyo a ƙarƙashin gado, har ɗakin babban ɗanmu da ke aiki a wani gari an cika shi. In baƙi suka zo sai dai su zauna a ɗofane. Kuɗin rediyon farko sun tafi, ajiyarsa ta tafi, babur ɗinsa ma ya bi. Yana kiransu fanshonsa na biyu, wani lokaci ya ce gadon yara. Abin da ke kashe mini jiki shi ne, rabon da in gan shi cikin nishaɗi haka tun yana aiki. Da sassafe zai tashi ya ɗauki tsumma, yana goge su yana faɗa mini sunan kowanne kamar jikokinsa.

Watan jiya dillali ya kawo wanda ya kira uban su duka. Wai yayan wanda muka sayar ne, kamfani ɗaya ya yi su, amma wannan 'yan ƙalilan suka rage a duniya. Yana sheƙi, maɓallansa na tagulla, ƙyallen gabansa fes. Kuɗinsa ya ninka abin da aka ba mu a na surukina ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Maigida ya ba da kafin alƙalami, aka bar masa rediyon amana, cikon kuɗin kuma ƙarshen watan nan. Daga nan ne ya zo mini da maganar mu sayar da shago. Wai in attajirin ya zo zai saya mini wanda ya fi shi, mai ƙofar gilashi. Ya riƙe hannuna yana roƙona in sa hannu. Na ce ya ba ni lokaci.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Asabar ya fita aski, na zo shara, na ɗaga uban su duka don in goge ƙarƙashinsa. Sai na ji ƙanshin kafur. Ni ina da wata ɗabi'a, nakan ƙulle kafur a guntun ƙyallen da ya rage a shago in cusa duk inda kyankyaso ke so. Rediyon surukina yana da 'yar tsaga a ƙasan murfin baya, ta nan nake tura masa nasa. Na juya wannan, ga tsagar nan. Na miƙe wayar rataye kaya na zura a hankali, sai ga ƙulli ya biyo ta. Ƙyallen koren labule ne mai furanni ruwan ɗorawa, wanda na ɗinka wa falonmu shekarar da na haifi 'yar autata, an naɗe bakinsa da baƙin zaren keke. Ɗaurin hannuna ne, ko a cikin duhu na san shi. Na zauna daɓas a ƙasa. Rediyon surukina ne aka shafa wa mai, aka canja masa maɓallai, aka dawo mana da shi.

Tun ranar nake haɗa lissafi. Mai gilashi da dillali sun ce ba su san juna ba, amma ba su taɓa haɗuwa a gidanmu ba ko sau ɗaya, kuma da wannan ya fita sai wayar wancan ta shigo. Mai sayar da taya da ke maƙwabtaka da shagona ya tambaye ni wai da gaske za mu sayar, to wa ya gaya masa? Sai autanmu, wanda ya fi ci mini rai. Ya yi sabon babur, ya ce a wajen aiki aka ba shi, kuma kwanan nan ba ya haɗa ido da ni. Shin da shi aka ƙulla, ko 'yar la'ada kawai aka ba shi bai san komai ba? Yaron da mijina ya goya, ya biya masa makaranta! Har mijin nawa na fara zargi, ina cewa ko ya gane yana jin kunyar faɗa.

Wani lokaci kuma in ce ko ni ce mai baƙin ciki. Babban ɗanmu ya ce da gaske akwai tsofaffin kaya da ke yin tsada. Idan fa sauran na ƙwarai ne, na zo na toshe wa bawan Allah hanyar arzikinsa? Idan na yi magana, yaya zai ji a ce bai gane rediyon mahaifinsa ba? Idan na yi shiru, shagona ya tafi. Ƙullin yana nan a aljihun kekena cikin zaruruwa, kullum sai na buɗe na kalle shi. Ina zan dosa?

Taki cikin damuwa,
Mai ɗinkin labule

*

'Yar'uwata mai ɗinkin labule,

Kar ki sa hannu. Da wannan zan fara, don shi ne ba ya jira. Ko da a ce duk rediyon gidanki na ƙwarai ne, ba a sayar da abin da ke ciyar da gida kowane wata don a sayi abin da sai an jira wani baƙo ya zo ya so shi.

Ɗanki bai yi ƙarya ba. Akwai tsofaffin kaya da ke yin daraja, akwai kuma masu tara su tsakani da Allah. Amma ba kowane tsohon abu ne ke da wuyar samu ba, ba kuma kowane mai wuyar samu ake nema ba. Darajar irin wannan kaya ita ce abin da wani zai ciro daga aljihunsa ya biya yau, wanin da ba shi da wata riba in kun ƙara saye. Ku kuwa duk farashin da kuka taɓa ji daga bakuna biyu ya fito, mai sayar muku da mai yaba muku. Masani na gaskiya ba ya tsoron a nuna wa wani kayan, shi ma zai ce a nuna. Dokar nan ta kar a buɗe, kar a nuna, ni ita ta fi tsaya mini a rai.

Zan yi musu adalci: yana yiwuwa kaya ya bar hannun wannan ya faɗa hannun wancan ba tare da sun san juna ba. To amma wa ya canja maɓallai, wa kuma ya ƙirƙiro masa yaya? Ga gwaji mai sauƙi. Maigidanki ya ce wa mai gilashi yana bukatar kuɗi, ya zo ya ɗauki wasu daga ciki a rabin farashin da shi da bakinsa ya faɗa. Wanda ya yarda da maganarsa da gudu zai zo. Sannan ku ɗauki hotunan sauran ku nuna wa masu harkar da ku kuka nemo da kanku. Ki shirya zuciyarki, wataƙila a sami ɗaya ko biyu masu ɗan daraja, wataƙila babu. Da wuya duk abin da ya fita ya dawo.

Maigidanki ba kwaɗayi kaɗai ya ja shi ba. Mutum ne da aka zaunar, sai wasu suka zo suka ce masa yana da ido, suka ba shi dalilin tashi da sassafe. Asarar kuɗin za ta yi masa zafi, amma ba kamar ta rashin gane kayan mahaifinsa ba. Don haka kar ki ajiye masa ƙullin a gaba kamar kin kama ɓarawo. Ki mayar da shi inda kika ciro shi. Ki nemi lokacin da ba kowa a gida, ki gaya masa kina jin ƙanshin kafur a rediyon nan, ki miƙa masa wayar rataye kayan ya zura da hannunsa. Shekaru ya yi yana zama a gindin koren labulen nan, ba sai kin yi masa bayani ba. In ya fito da shi, ki riƙe bakinki daga tuna masa abin da ya wuce. Ke ma kin yi wa mutumin girki, ai kin faɗa.

Batun autanku, sabon babur ba shaida ba ne, kauda ido ma haka. Amma kar ki fara tunkararsa ke kaɗai, domin ko ba da mugun nufi ba magana na iya isa kunnen mutanen nan. Bayan maigida ya gani da idonsa, ku kira shi ku biyu ku tambaye shi a fili inda ya san mai gilashi da abin da aka ba shi. In ruɗarsa aka yi, shi ne babban mashaidinku. In da saninsa, gara ku ji daga bakinsa a cikin ɗaki da ku ji a waje. Mai taya kuwa ki ƙyale shi, kar zargi ya sa ki ɓata da duk layinku.

Ku adana saƙonnin waya da duk wata shaidar biya, ku kai ƙara wurin hukuma, kar ku yi fito-na-fito da kowa. Kada kuma rediyon ya bar gidan kafin hukuma ta gan shi.

Ina fatan in ƙura ta lafa ya zauna a hannunku. A duk tarin da ya cika muku ɗakuna, shi kaɗai kuka san asalinsa da wanda ya saurare shi. Ki mayar da shi mazauninsa na da a falo, ki ƙulla masa sabon kafur, da safe ki tafi ki buɗe shagonki.

Allah Ya sanyaya wa maigida zuciya, Ya wanke autanku in mai wankuwa ne, Ya ƙara wa kekunanki albarka.

Antinki