An Wanke Sunanka, Baban Tabita

Zuwa ga Maigidana, Baban Tabita,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Da kana nan da na tambaye ka gajiya, na tambaye ka yaya tarin nan. Na san inda kake babu tari, saboda haka na bar tambayar. Na kuma san ba za ka karanta wannan takarda ba, don babu motar da ke zuwa can. Amma akwai labarin da ya cika mini baki. Na gaya wa kowa a Arlit har na fara gundurar mutane, kai kaɗai ka rage, alhali labarin naka ne.

Bari in fara da na gida. Ƴarmu Tabita tana nan Agadez tana koyarwa a lakwal. Ta haifi namiji bara, aka sa masa sunanka, Ishaya. Ka ga irin aikin da suka ba ni? Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sunanka a gabanka ba, yanzu sun kawo mini shi a goye. Maigida nake ce masa. Kunnuwanka ya ɗauko gaba ɗaya, Allah ya ba shi haƙurin zama da su. Ɗanmu Dauda kuma yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin nan da Agadez, kullum sai ya dawo yana zagin hanya kamar yadda kake yi. Ni ina nan da tandar waina a ƙofar gida. Gari ya yi sanyi tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, mutane da yawa sun koma Maradi da Tawa, amma waɗanda suka rage har yanzu suna karin kumallo.

To, ga maganar. Maganar Barnaba ce.

Ba sai na tuna maka ba, amma ina so in rubuta ta yadda take ko da sau ɗaya. Ku biyu kuka taso daga ƙauye ɗaya a ƙasar Maradi, mota ɗaya ta kawo ku nan, gareji ɗaya kuka shiga kuna gyara manyan motocin da ke yi wa ma'adinai dako. Shi ya zama shugaban gareji, kai ka tsaya makanike, ba ka taɓa jin haushi ba. Ran nan ka gaya masa da bakinka cewa birkin wata kamyo ba shi da lafiya, kada ta fita. Ya ce aiki ya yi yawa, ta je ta dawo tukuna. Ta fita, birki ya ƙi, ta kife da direbanta Agali, aka yanke masa ƙafa. Da manya suka zauna bincike, Barnaba ya ce ba ka gaya masa komai ba, kai ka duba motar ka ce lafiya take. Aka sallame ka da sunan sakaci, bayan shekara ashirin da biyu.

Ka dawo gida ka wanke hannu ka ci tuwo. Bayan kwana uku ka kafa rumfa a bakin kasuwa kana gyaran moto, wato babura. Ranar Lahadi kuma ka tafi majami'a, inda Barnaba yake dattijo, shi ke zagawa da gurasa a ranar Jibin Ubangiji. Ka miƙa hannu ka karɓa daga nasa kamar ba abin da ya faru.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Na yi fushi da kai fiye da yadda na yi da shi. Me ya sa ba ka ɗaga murya ba? Me ya sa ba ka kai shi gaban ikilisiya ba? In na taso da zancen sai ka ce Allah yana gani, ka ci gaba da goge ƙarfenka. A raina nakan ce, to, yana gani, sai yaushe zai yi magana? Na ɗauka tsoro ne ya hana ka. Shekara huɗu ina kallonka da wannan zato har ciwon ƙirji ya kwantar da kai, ka tafi da sunan mai sakaci a kanka. Ka gafarta mini.

Bayan mun binne ka na daina cin Jibin Ubangiji. Kana raye ina karɓa saboda kai. Da ka tafi, in tiren ya iso gabana sai in naɗe hannu cikin gyale in sunkuyar da kai, mutane suna tsammanin baƙin cikin rashinka ne. Addu'a kuwa ban fasa ba, sai dai in ka ji irinta za ka rufe ido don kunya. Kowace safiya kafin in hura wuta sai na kai ƙarar Barnaba. Har shawara nake ba Allah a kan yadda zai yi da shi.

Shekarar da aka rufe ramin Akokan garejinsu ma ya rufe, aikin Barnaba ya ƙare. Ran da na ji, na je kasuwa na sayo zabuwa na yi miya ni kaɗai. Dauda ya tambaye ni bikin me ake yi, na ce marmari ne kawai. Na ce a raina shari'a ta fara. Ina. Wata uku bai cika ba mutumin nan ya tafi Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya yana gyara musu injin niƙa dutse. Ya dawo ya yi ƙiba, ya sa wa gidansa ƙofar ƙarfe, ya kawo wa majami'a sabbin kujeru. A kan kujerarsa nake zama ina kai ƙararsa. Ka taɓa jin irin wannan? Wata rana na ce wa Ubangiji, in wannan ne hukuncinka, ni ma a yi mini irinsa.

Haka muka yi ta tafiya har watan da ya gabaci Nowel, wato Kirsimetin bara, lokacin da matarsa Saratu ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Barnaba yana can daji inda waya ba ta cika kamawa, ƴaƴansu duk suna Yamai. Zumuntar mata ta raba kwanakin jinya, matar Fasto ta karanta sunaye, sai na ji nawa a Talata da Juma'a. Na same ta bayan an tashi na ce ƙafata na ciwo. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta ce ai gidan Saratu ya fi kasuwa kusa, kuma kullum tana ganina a kasuwa. Matar nan ta san abin da take yi.

Na tafi ranar Talata da kunun tsamiya. Na zuba tsamiya har ni da na ɗanɗana sai da na runtse ido, sukari kuwa ko ƙwaya ban sa ba. Na shiga ba sallamar kirki. Saratu ce a kwance, wadda muka yi tallar gyaɗa tare muna yara, wadda ta wanke mini Tabita ran da na haife ta, shekara tara ba mu haɗa ido ba. Ta rame, bakinta ya karkace. Na tallafe ta na ba ta kunun a ludayi. Ta shanye duka, hawaye na zuba saboda tsami. Sai ta ce, da kyar ake jin maganar, Rahila, har yanzu hannunki yana da nauyi a tsamiya. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ita ma ta yi da rabin bakinta. Daga nan muka koma kuka.

Ranar Juma'a na sa sukari. Mako na gaba na fara zuwa har ranakun da ba nawa ba. Ina yi mata wanka, ina murza mata hannun da ya mutu da man gyaɗa, ina tsefe mata kai. Ina cikin yi mata kitso wata rana ta ce ta san gaskiya tun daga farko, mijinta ya gaya mata a makon da aka sallame ka, ta yi shiru saboda tsoron abin da za su ci. Na tsaya da tsinken kitso a hannu. Na jira fushi ya taso kamar yadda ya saba, sai ya taso kaɗan ya kwanta, kamar wutar da itacenta ya ƙare. Na ce mata ta daina motsi, layin yana karkacewa. A ranar ne na lura na yi kusan mako biyu ban kai ƙarar kowa ba. Addu'ar safiyata duk ta koma kan hannun Saratu, Ubangiji ya sa ko yatsa ɗaya ya motsa.

Barnaba ya iso bayan mako biyar, da rana tsaka, ƙura har gira. Ya shigo gidansa ya tarar da ni durƙushe ina yanke wa matarsa farcen ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu. Na yi masa sannu da zuwa, na ce akwai tuwo a kwano in yana jin yunwa. Ya ajiye jakar ya zauna. Daga baya Saratu ta ce mini tuwon nan ya kwana ya wuni ba a taɓa shi ba.

Lahadin da ta biyo, bayan wa'azi, ya miƙe ya roƙi Fasto ya ba shi izinin magana. Baban Tabita, da ma kana nan. Ya tsaya a gaban jama'a, hularsa a hannu, ya faɗi komai ba ragi. Ya ce Ishaya ya gaya masa birkin ba shi da lafiya, shi ya sa motar ta fita, shi ya yi ƙarya don kada a kore shi. Ya ce abin da ya fi cinsa shekara da shekaru shi ne yadda kake miƙo masa hannu kana karɓar gurasa, har kana ce masa na gode. Ya ce bai cancanci zama dattijo ba. Ya sauka ya tafi can baya ya zauna kusa da ƙofa. 

A nan na gane ba tsoro ne ya rufe maka baki ba. Ka san abin da kake yi duk watan da ka miƙa masa hannu ka karɓi gurasa. Ni ce ban sani ba.

Da ranar Jibin Ubangiji ta zagayo na fito da hannuna daga gyale na karɓa. Ban tuna gurasa tana da daɗi haka ba, ko da yake ta gidan burodin nan ce ta kusa da tasha, wadda ka ce kamar soso take. Na waiga na ga an wuce Barnaba, shi ya girgiza kai ya ƙi ɗauka. Na tashi na karɓi tiren daga hannun dattijon da ke zagawa, na kai masa. Da kyar na yi, kada ka ɗauka na zama wata waliyiya. Ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya ɗauka.

Bai tsaya nan ba. Ya je lambunan bayan gari ya nemi Agali, wanda ke noman tumatir da albasa yanzu da ƙafa ɗaya da sanda. Ka tuna tun bayan haɗarin bai ƙara amsa gaisuwarka ba. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Bayan kwana biyu dai sai ga Agali a ƙofar gidanmu da rawaninsa, ya sauke kwandon tumatir kusa da tandata. Ka san Hausarsu ta mutanen Abzin, namiji sai ya koma mace. Ya ce, Ishaya mutuniyar kirki ce, ni na zalunce ta, ki yafe. Na ce na yafe a madadinka, ina danne dariya ina share hawaye. Shi Musulmi, ni Kirista, muka tsaya a bakin titi kowa ya ce Allah ya jiƙan ka ta yadda ya iya.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba. Ƙafar Agali ba ta dawo ba. Garejin da ya kore ka ma babu shi, balle a nemi takardar wanke sunanka. Kai ma ba ka dawo ba. Wannan ragowar na bar wa Mai Shari'a, shi da zai buɗe komai a ranarsa, na kuma daina ba shi shawara. Wata safiyar nakan farka in ji tsohon haushin yana nan, sai in sake yafewa kafin in hura wuta. Matar Fasto ta ce haka abin yake, ba sau ɗaya ake share tsakar gida ba. Saratu kuwa yatsu uku sun motsa, tana riƙe ludayi da kanta.

Makon jiya Barnaba ya zo ya roƙe ni in bar shi ya gyara kabarinka, don iska ta cinye itacen da muka kafa. Na yarda. Da hannunsa ya yi gicciye na ƙarfe, ya rubuta sunanka da walda, a ƙasa ya ƙara, Makanike Mai Gaskiya. Jiya muka je da Dauda muka gani. Maigida, ya karkace. Hannun dama ya fi na hagu tsawo, waldar kuwa duk ƙuraje. Dauda ya ce zai kawo guduma ya miƙe shi, na ce kada ya taɓa. Na san da kai ne da ka sa shi ya kwance ya sake, amma wannan karon sai ka yi haƙuri da shi haka.

Ka huta lafiya a wurin Ubangiji. Ina nan tafe in lokaci ya yi, sai dai ba na gaggawa, akwai jika da zan ga ya yi tafiya.

Ni ce matarka,
Rahila, Maman Tabita