Moɗa Mai Hannu Biyu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

'Yata Bashira ta sauka jiya, mace! Jikata ta fari. Na yi wa Tajuddeen, mijinta, barka har sau ba adadi, yana ta dariya. Ashe rabon in ga wannan ranar ne ya kawo ni ƙasar waje, wurinsu a unguwar Pantai Dalam.

Ta tambaya ko ƙanenta Zaid zai iya zuwa suna. Na ce a'a. Yaron da aka kora daga kwaleji saboda shaye-shaye, yana can unguwar Setapak yana yawo? Kada ya taɓa mini jaririya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na yi abin kunya. Bayan asuba na hango dattijon maƙwabcinmu a barandarsa yana zuba ruwa a hannu da wata moɗa mai hannu biyu, dama sannan hagu. Na ɗauka alwala ce. Na yi masa sallama, na ce gobe mu tafi masallaci tare. Ya yi murmushi, ya rage murya, ya ce shi Bayahude ne. Dakta Mendel, daga Afirka ta Kudu, lissafi yake koyarwa.

Ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Dakta Mendel ya aiko wa mai jego lemo. Mun sha shayi a mamak, shagon abinci na ƙasan bene. Turancina na makarantar dare ya ɗan yi aiki.

Na tambaye shi batun moɗar. Ya ce su kullum da safe suna gode wa Allah da ya mayar musu da ransu, kuma shi ran tsarkakakke ne, yadda aka ba su shi. Dauɗa a hannu take tsayawa, ba ta isa ciki. Na ce ko mutum ya lalace? Ya ce shi ma ya yi shekaru bai taɓa moɗar ba, tana cikin akwatin mahaifiyarsa. Da ya ɗauko ta, ba sabon abu ya nemo ba, gida ya komo.

Na ce ai mu ma muna da fiɗira, tsarkin da ake haifar kowa da shi. Ya ce, "To, Alhaji, me ya ba ka mamaki?"

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yini na yi riƙe da jaririyar. Ƙamshin kanta. Kunnenta na hagu a ɗan lanƙwashe yake, irin na Zaid sak. Ni na yi masa huɗuba a irin wannan kunnen.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Sunanta Walida. Falo ya cika da ɗalibai 'yan ƙasarmu, an ci tuwo an ci nasi, shinkafar mutanen nan.

Bashira ta ce, "Baba, wai kai ka kira Zaid?" Na ce hannuna ne ya taɓa wayar.

Ya zo a rame, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa ɗago kai. Ban ce komai ya wuce ba. Na dai ce ya je ya wanke hannu, yarinyar ta yi mini nauyi.